Yadda Ake Ziyartar Lambun Malam Buɗe-Littafi Na Cikin Gilashi

Mafi yawan masu shiga lambun malam buɗe-littafi ba sa wuce minti ashirin a ciki. Za ka gan su sun fito riga sharkaf da gumi, waya cike da hotuna dishi-dishi, suna cewa ashe abin bai taka kara ya karya ba. Ni ma haka na yi a zuwana na farko. Na shiga kamar wanda aka aika, na zaga, na fito, sai daga baya na gane kuɗin tikiti kawai na zubar. Wurin na mai zama ne, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan a kan haka ya rataya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, katafaren ɗaki ne na gilashi da aka dasa wa itatuwa da furannin dazukan ƙasashe masu zafi, ana hura masa ɗumi da danshi dare da rana, sannan aka saki ɗaruruwa ko dubban malam buɗe-littafi suna shawagi a sake, kai kuma kana tafiya a tsakiyarsu. Abin bai daɗe a duniya ba. A tsibirin Ganzi da ke tsakanin Ingila da Faransa aka fara shi a shekarun 1970, aka buɗe wani a Landan a 1981, na Fenang a Malesiya ya biyo a 1986, sai Butterfly World a jihar Fulorida ta Amurka a 1988. Na kusa da gangaren ruwan Nayagara a Kanada, wanda aka buɗe a 1996, yana ɗauke da sama da 2,000 a lokaci guda. Dubai ta buɗe nata a 2015, kuma har a cikin filin jirgin saman Changi na Singafo akwai guda. Girmansu ya bambanta, amma tsarinsu kusan ɗaya ne, don haka duk wanda ka samu damar shiga, matakan nan za su yi maka aiki.

Zaɓen rana da lokaci

Fara da duba shafinsu na intanet ko ka buga waya. Wasu lambunan shekara zagaye suke a buɗe, wasu kuma, musamman na cikin gidajen tarihi da lambunan tsirrai, 'yan watanni kawai suke yi a buɗe. Da yawa suna sayar da tikiti mai ɗauke da lokacin shiga, don kada a cika ɗakin. In ka samu mai amsa waya, ka yi masa tambaya biyu: shin akwai iyakar lokacin da mutum zai yi a ciki, kuma da ƙarfe nawa suke sakin sababbin da suka ƙyanƙyashe.

Malam buɗe-littafi ba ya samar wa jikinsa ɗumi yadda muke yi, daga rana yake aro. Sai naman ƙirjinsa da ke kaɗa fukafukai ya ɗumama zuwa wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tashi yadda ya kamata. Ko da an hura zafi a ɗakin, haske na da nasa aikin: ranar da gari ya lumshe za ka tarar da yawancinsu sun laɓe a ƙarƙashin ganye, ranar da rana ta fito tarwai kuwa ɗakin kamar ana watsa furanni ta sama. Saboda haka ka nemi rana mai haske, daga hantsi zuwa tsakar rana. In da hali ka kauce wa ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu. Mai neman hoto zalla kuwa gara ya zo da an buɗe ƙofa, lokacin ba su gama ɗumama ba, suna zaune da fukafukai a baje suna shan hantsi.

Ka ware aƙalla awa ɗaya da rabi.

Abin da za ka sa, da abin da za ka bari a gida

Ana riƙe ɗakin a wajen digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, danshin iska kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Wanda ya saba da zafi zai ji waɗannan alƙaluma ya yi murmushi, amma danshin ne ke karya mutum. Gumi ya fito, babu busasshiyar iskar da za ta ɗauke shi, sai ya zauna a jiki. Sa tufa marar nauyi ta auduga. In ƙasar da kake ana sanyi, ka sa kaya bisa kaya yadda za ka iya tuɓe na sama a bakin ƙofa; yawanci akwai wurin ratayewa. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, domin ana yawan fesa ruwa, daɓen kan yi santsi.

Za ka ji ana cewa a sa ja, ko rawaya, ko ruwan lemo don su ɗauka fure ne su sauka a jikinka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda suna ganin launi sosai, har da wani hasken da idonmu ba ya kamawa. Sai dai na ga mai jar riga ya gama tsayuwarsa ko guda bai kula shi ba, na ga kuma wani dattijo mai riga ruwan toka da uku a kafaɗa. Sa launin in kana da shi, kar dai ka ɗora buri a kai.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kar ka shafa maganin sauro ko wani maganin ƙwari ranar. Su ma ƙwari ne. Turare mai ƙarfi ma ka rage. Jaka ƙarama ta wadatar, domin wasu wuraren ba sa barin a shiga da babbar jaka ko keken jarirai, saboda nan ne malaman ke maƙalewa su fice. Abinci ba ya shiga. Sha ruwa sosai kafin ka shiga, ka kuma riƙe hankici.

Ƙofa biyu da minti goman farko

Ba ƙofa ɗaya ba ce. Za ka shiga wani ɗan soro, a rufe ta baya, sannan a buɗe ta gaba, sau da yawa da labulen roba ko na sarƙa da wata fanka mai huro iska daga sama. Kar ka riƙe wa na bayanka ƙofa don kara. A nan karar ita ce ka rufe. Ma'aikaci zai karanto dokoki a taƙaice, ka saurara ko da ka san su, domin kowane gida da nasa ƙarin.

Da ka sa ƙafa ciki, in kana sa tabarau, za ka daina gani. Gilashin ya taho da sanyin waje, danshi ya hau kansa ya zama raɓa. Haka ma idon kyamara da na waya. Gogewa ba ta magani, yana sake rufewa nan take, har sai gilashin ya ɗauki ɗumin ɗakin, abin da kan ci minti goma zuwa sha biyar, babbar kyamara ma fiye. Kar ka kuskura ka cire idon kyamara ka sauya wani a ciki, danshin zai shige cikinta. Waya kuwa in ka ajiye ta a aljihun da ke manne da jikinka tun a hanya, da ɗuminta za ta shiga.

Wannan jira alheri ne a ɓoye. Nemi benci ka zauna. Da farko masu shawagi kawai za ka gani. Can sai ido ya saba, ka lura ashe wancan busasshen ganyen yana da ƙafafu, ashe ƙarƙashin ganyen ayabar nan guda biyar ne a jere. Kuma tun daga nan ka koyi duban ƙasa kafin ka ɗaga ƙafa. Suna sauka a kan daɓe su tsotsi ruwa, kuma a irin waɗannan gidaje takalmin baƙo na cikin manyan abokan gabansu. A wasu lambunan ma za ka ga 'yan ƙananan salwa suna kiwo a gindin shuke-shuke.

Akwatin ƙyanƙyasa

In da za a ce in zaɓi wuri ɗaya, nan ne. Wani akwati ne mai fuskar gilashi, galibi a gefe guda, mutane na wuce shi suna ɗauka kayan ado ne aka rataye. Jere-jeren sanduna ne, a jikin kowace an liƙa kwansuna suna reto. Rayuwar malam buɗe-littafi hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa mai cin ganye, kwanson da tsutsar ke rikiɗa ta koma, sannan mai fukafukai. Hawa na uku kake kallo.

Mafi yawansu ba a gidan aka haife su ba. Manoma ne ke kiwonsu a Kosta Rika, da Ekwado, da Filifin, da Kenya da wasu ƙasashen, a jera kwansunan cikin auduga a kwali, a sa a jirgin sama. A gaɓar tekun Kenya akwai shirin Kipepeo da aka fara a 1993, inda mazauna gefen dajin Arabuko-Sokoke ke samun kuɗi da wannan kiwo, abin da ya sa tsayuwar dajin ta fi musu amfani a kan sare shi. Dole ne kaya su riƙa zuwa a kai a kai, domin yawancin waɗanda ke shawagi a kanka mako biyu zuwa huɗu ne iyakar kwanansu.

Dubi kwansunan da kyau. Akwai kore shar mai sheƙi, akwai mai ruwan zinariya da ɗigon baƙi kamar ɗan kunne, akwai wanda ba ka raba shi da naɗaɗɗen busasshen ganye. Wanda kake nema shi ne wanda launinsa ya juya, ya yi duhu ko fatarsa ta yi shara-shara har kana hango zanen fiffike a ciki. Wannan ya kusa. Tsaya a gabansa.

Na taɓa yin kusan minti arba'in a gaban guda. Sai ya ɗan motsa, kwanson ya tsage daga ƙasa, kai ya fara leƙowa, ƙafafu suka lalubo, cikin minti ɗaya ko biyu ya zame gaba ɗaya ya kama ɓawon ya rataye. Ba shi da kyan gani ko kaɗan: ciki a kumbure, fukafukai ƙanana a cukuikuye kamar tsumman da aka matse. Sai ya shiga tura ruwan cikinsa ta jijiyoyin fukafukan, kana kallo suna miƙewa sannu sannu, cikin na saɓewa. Bakinsa, wanda dogon bututu ne siriri, a rabe biyu yake fitowa, shi ya sa za ka ga yana naɗe shi yana warwarewa, haɗa ɓangarorin yake yi su zama bututu ɗaya. Wani ruwa ja-ja ko ruwan ƙasa zai ɗigo daga jikinsa. Yara kan ce jini ne, amma dattin da ya taru ne tun yana cikin kwanso. Bayan fukafukan sun gama bajewa sai sun yi awa ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kafin su bushe su yi ƙwari. In ya faɗo a wannan tsakani, fiffiken ya bushe a lanƙwashe, shi da tashi har abada. Don haka kar a ƙwanƙwasa gilashin. Yawanci da safe suke fitowa, wanda ƙarin dalili ne na sammako.

Sanin wane ne wane

Karɓi takardar hotuna da ake bayarwa a ƙofa, ko ka duba allunan bango. Sunayen kimiyya ne a jiki, kuma kaɗan daga ciki kusan kowane lambu na da su.

Shuɗin nan babba mai tashi yana lilo, yana walƙiya yana ɓacewa, shi ne Morpho, ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Shuɗin nasa ba rini ba ne, tsarin ƙananan ɓamɓarokin fiffiken ne ke karya haske ya maido shuɗi, shi ya sa yake sauyawa in ka sauya wurin tsayuwa. Da ya sauka sai ya rufe littafin, ya bar ka da bango ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige kamar idanu. Baƙi da dama kan tsaya a gabansa suna tambayar ina shuɗin ya shiga.

Je ka teburin 'ya'yan itace, inda aka yanka ayaba, da abarba, da lemo aka bari suka fara ruɓewa. Ba kowane ne ke shan ruwan fure ba. A nan za ka samu Morpho, tare da Caligo, mai zanen babban ido ɗaya a kowane fiffiken baya kamar na mujiya. Shi wannan da rana malalaci ne, sai yamma ta yi yake tashi. Waɗanda ke kan teburin nan sun sha ruwan da ya fara tsami, ba su cika gudun mutum ba, don haka nan ne za ka iya matsowa ka ga bututun bakin yana shiga cikin ayaba. Ƙirga ƙafafunsu ma: ƙwaro ƙafa shida gare shi, amma waɗannan a kan huɗu suke tsaye, biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji.

Farin nan mai zanen baƙi da ke tafiya a iska a hankali kamar takarda, Idea leuconoe ne daga kudu maso gabashin Asiya, kuma shi ne mai kwanson zinariya. Masu dogayen fukafukai sirara, baƙi da ja ko da rawaya, Heliconius ne. Su suna cin garin fure ban da ruwansa, abin da ke sa su kai watanni a raye. Greta oto fukafukansa garau suke kamar gilashi, sai mai haƙuri ke ganinsa a inuwa. In an yi sa'a akwai Atlas, ɗan uwansu na dare, wanda faɗin fukafukansa kan kai wajen santimita 24. Ba shi da bakin ci, da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, mako ɗaya ko biyu ya mutu. Yini yake a manne wuri guda, har wasu su ɗauka na roba ne.

In kana so a sauka a jikinka

Kar ka bi su. Tsaya ko zauna kusa da furannin da suke yawan ziyarta, inda rana ke sauka, ka daina motsi. Gumin da kake ƙorafi a kai shi ne jarinka, domin gishirin da ke cikinsa suke so. Da ƙafa suke ɗanɗano, don haka wanda ya sauka a hannunka ya warware baki yana taɓa fata, ya ɗanɗana ne ya ji ka yi masa. Ba sa cizo, ba su da ƙari. Ɗan ƙaiƙayi kawai za ka ji.

Shi ke da ikon taɓa ka, kai ba ka da ikon taɓa shi. Hodar nan da ke maƙalewa a yatsa ɓamɓarokin fiffike ne, jere suke kamar na kifi, kuma wanda ya goge ba ya sake tsirowa. Ba gaskiya ba ne cewa taɓawa ɗaya na kashe shi nan take, amma yatsan mutum na karya jijiyar fiffike, kuma in ka fizge shi daga ganye ƙafa na iya cirewa. Kar ka tsinki fure ko ka ɗauki ayabar teburi don ka yaudare shi. In ya zauna ya ƙi tashi, ko ka ga wani a ƙasa a tsakiyar hanya, kira ma'aikaci. Masu yagaggun fukafukai da za ka gani kuwa tsofaffi ne, ba lalle wani ne ya ji musu ba.

Hoto

Matso a hankali, daga gefe, kar inuwarka ta faɗa kansa, domin inuwa a wurinsa tsuntsu ce. Daidaita wayar ta fuskanci fiffiken sosai yadda duk faɗinsa zai fito tas, ka taɓa allon a daidai kansa. Shuɗin Morpho a hoto sai dai ka dace da wanda ke shan rana ko sabon saki. In ba haka ba ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka ciro hoton daga ciki. Sandar ɗaukar hoto da ƙafar kyamara wurare da yawa sun hana, filasha kuma ka tambaya tukuna. Shawarata: ka ɗauki na minti goma sha biyar, ka mai da wayar aljihu.

Yara, tsofaffi da masu tsoro

Yi wa yara bayani tun a waje, a ciki ba za su ji ka ba. Doka uku ta ishe su: hannu a baya, ido a ƙasa, ba gudu. Ba su takardar hotuna su riƙa nemo iri-iri, hakan na riƙe su fiye da tsawa. Yaron da ya firgita don wani ya sauka a fuskarsa, hannu zai kai ya make, don haka ka gaya masa tun farko cewa zai iya faruwa, kuma abin yi shi ne ya tsaya cak ya kira ka. Akwai manya ma da ke tsoronsu da gaske. Kar a tilasta, kar a yi dariya. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa. Tsoho, da mai juna biyu, da duk wanda ya ji jiri, ya fita ya sha iska. Tambayi mai ƙofa ko tikitin na ba da damar komowa, galibi ana bari.

Fita

A soron fita akwai madubi dogo, wani lokaci da ma'aikaci a tsaye. Juya a gabansa, ka duba baya, da hula ko ɗankwali, da naɗin mayafi, da bakin wando, da jikin jaka. In ku biyu ne ku duba juna. Dalilin ya wuce tausayin ƙwaron da zai mutu a sanyin waje: baƙon iri ne, yana iya ɗauke da cuta, ko tsutsarsa ta zama annoba ga amfanin gona. A Amurka ma'aikatar gona ce ke ba irin waɗannan gidaje izini, kuma tana bin diddigin ƙofofin nan. Saboda wannan dalilin ne ba a fita da ganye, ko kwanso, ko fiffiken matacce, komai kyansa.

In waje da sanyi, goge gumi ka mai da rigar sama kafin ka buɗe ƙofar ƙarshe. A zuwana na baya, na juya a gaban madubi sau biyu na ce ba komai, har na kama hannun ƙofa, sai ma'aikaciyar ta ce in dakata. Ta miƙa yatsa a hankali bayan hulata, sai ga Caligo ya tako ya hau, ta koma da shi ciki.